Yadda Ake Haɗa Murhun Itace Mai Ɗumama Ruwan Kwamin Ninƙaya a Gida

Daga Disamba zuwa Fabrairu, duk wanda ya kafa wa iyalinsa kwamin ninƙaya a Jos, Zariya ko Kano ya san yadda abin yake: ruwa cike fal, tsaf-tsaf, amma babu yaron da zai yarda ya tsoma ko ƙafa. Na'urar ɗumama ruwa ta lantarki tana da tsada, tana shan wuta, ga shi wutar ma ba kullum ake samu ba. Da ganga ɗaya, naɗin bututun jan ƙarfe, ƙaramin famfo da itace, za ka iya haɗa murhun da zai mayar da ruwan nan abin shiga cikin yini guda. Na sha haɗa irinsa, kuma kafin ka sayi ko ƙusa ina so ka riƙe doka ɗaya: muddin akwai wuta a cikin gangar, dole ruwa ya riƙa gudana a cikin bututun, kuma bakin fitarsa ya kasance a buɗe. Ruwan da ya zama tururi yana kumbura fiye da sau 1,600. Idan ka tsare masa hanya, zai fasa wa kansa wata.

KAYAN DA ZA KA TANADA

- Gangar ƙarfe mai lita 200, tsayinta kusan santimita 88, faɗinta kusan 57. Nemi wadda aka zuba man gyaɗa, manja ko wani kayan abinci.
- Bututun jan ƙarfe mai laushi, irin na masu gyaran firiji da AC, inci 5/8, naɗi ɗaya mai mita 15. Kada ya kasance da haɗi ko ɗaya.
- Rodi mai milimita 12 ko 16, kamar mita 8.
- Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 2 zuwa 3, wanda za a yanka da'ira mai faɗin santimita 42.
- Bututun hayaƙi na baƙin ƙarfe, inci 6, tsayin mita 2.
- Hinji biyu da sakata ɗaya.
- Famfon tura ruwa mai ba da lita 12 zuwa 20 a minti. Na batir mai bolt 12 ya fi, zan faɗi dalili.
- Tiyo mai kauri, kilif-kilif na ɗaure tiyo, mahaɗar T guda biyu, bawul biyu, da bawul ɗaya mai hana ruwa komawa baya.
- Busasshen yashi tankaɗaɗɗe, bokiti ɗaya.
- Jan bulo ko bulon ƙasa, da yumɓu.
- Wayar jan ƙarfe mai kauri.
- Ma'aunin zafi na ruwa, da tamfol ko ledar da za ta rufe kwamin gaba ɗaya.

Kayan aiki: giranda, injin huda, injin walda ko mai walda na unguwa, tef na awo, alli, guduma, burushin waya, shebur, safar hannu ta fata da tabarau na kare ido.

Ganga, rodi da faranti ba sa wuyar samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kuma na hannu ma sun isa. Bututun jan ƙarfen ne kawai ba na yarda a sayi tsoho. Wanda aka ciro daga tsohuwar AC yana da mai a ciki, ya riga ya taurare, yana lanƙwasuwa ya tsage. Ka kuma duba da kyau, akwai na alminiyom da aka yi wa rufin jan ƙarfe a waje. Kankare bakinsa da wuƙa: idan cikin ya fito fari, ajiye musu kayansu.

LISSAFIN DA ZA KA YI KAFIN KA FARA

Lita ɗaya ta ruwa tana buƙatar wat 1.16 na awa guda kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya. Kwamin tamfol mai da'ira, faɗin mita 3.66, irin wanda ake yawan saya wa yara, yana ɗaukar kimanin lita 6,500. Idan ruwan yana digiri 20 kana son kai shi 27, lissafin shi ne 6,500 sau 7 sau 1.16, wato kusan kilowat-awa 53. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da kilowat-awa 4 da ɗoriya, amma murhun gida irin wannan kusan kashi ɗaya cikin uku kawai yake isar wa ruwa, saura ya bi hayaƙi da jikin ganga. Ke nan za ka ƙona itace wajen kilo 40 cikin awa 6 ko 7, ruwan yana hawa digiri ɗaya da ɗan ɗori a kowace awa.

Idan kwaminka na siminti ne, misali mita 8 da mita 4 da zurfin 1.4, ruwansa ya kai lita 45,000. Wannan murhun zai kwashe awa 6 kafin ya ƙara masa digiri ɗaya, dare kuma ya zo ya ƙwace. Gaskiya kada ka wahalar da kanka, kuma kada ka ƙare itacen unguwa a banza. Irin wannan sai baƙin tiyo da aka shimfiɗa a rana da murfi mai kyau. Murhun ganga na kwamin da bai wuce lita 10,000 zuwa 12,000 ba ne.

1. ZAƁEN WURI

A fili za a kafa shi, ba a gareji ko rumfa mai bango ba. Hayaƙin itace yana ɗauke da iskar guba marar wari mai kashe mutum a rufaffen wuri. Ka bar aƙalla mita 3 tsakaninsa da kwamin, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya huda tamfol. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka ka sa murhun ta kudu maso yammacin kwamin da ɗakuna, ka kuma duba inda hayaƙin zai nufa kada ya zama tagar maƙwabci. Share busasshiyar ciyawa da ganye mita biyu ta kowane gefe. Jera bulo a ƙasa ya zama dandamali, ka daidaita shi kada gangar ta karkace.

2. WANKE GANGA DA YANKA TA

Nan ne aka fi samun mummunan hatsari tun kafin a kunna wutar farko. Gangar da ta taɓa ɗaukar fetur, tina ko sinadarin da ba ka sani ba, kada giranda ta kusance ta. Tururin da ya rage a ciki yana fashewa da tartsatsi ko da gangar ta yi shekara a bushe. Wadda ka tabbatar ta kayan abinci ce ma, kwance murafanta biyu, wanke ta da omo da ruwan zafi, sannan ka cika ta da ruwa har baki kafin yankan farko.

Yanke saman gangar gaba ɗaya, daf da ƙasan leɓenta, ka ajiye shi domin shi ne murfi. Zubar da ruwan. Yanzu auna daga gindi ka zana da alli:

Ƙofar iska da toka: daga santimita 4 zuwa 14, faɗi 20.
Ƙofar itace: daga santimita 20 zuwa 44, faɗi 26, a saman ta farko daidai.

Yanka su a tsanake, ka adana guntayen. Na babbar ƙofa za a sa masa hinji da sakata. Na ƙaramar kuwa a yi masa layin da zai riƙa zamewa gefe, da shi za ka riƙa ƙara iska ko rage ta. A tsakiyar murfin ka yanke ramin inci 6 na bututun hayaƙi. Goge duk bakin da ka yanka, ƙarfen ganga yana yanka hannu sosai.

Kafin ka sa komai a ciki, hura wutar kara da guntayen itace a gangar har fentin jikinta ya ƙone ya zube. Tsaya ta inda iska ke fitowa, hayaƙin fenti ba abin shaƙa ba ne. Bayan ta huce ka kankare da burushin waya.

3. RAGAR DA ITACE ZAI ZAUNA

Yanka rodi ka jera, tazarar santimita 2 tsakanin kowanne, a yi musu walda a kan sanduna biyu da suka gitta. Ragar ta zauna a tsayin santimita 17 daga gindi, a kan ƙafafu ko a kan bulo uku. Kada a manne ta da jikin ganga, domin ita ce abin da zai fara lalacewa, kana son ka iya ciro ta ka sake wata. Daga ragar zuwa saman ƙofar itace, ka shafe cikin bangon da yumɓun da aka kwaɓa da yashi, kaurin yatsa biyu, ko ka jera jan bulo a tsaye. Wannan yana riƙe zafi a wurin ƙuna, itace ya ci sosai, hayaƙi ya ragu. Bulon siminti da duwatsun rafi ba sa shiga nan, zafi yana tarwatsa su.

4. NAƊA BUTUTU

Wannan shi ne aikin da ya fi buƙatar haƙuri, kuma shi ne kayan da ya fi tsada, don haka kada ka yi shi da gaggawa ko kai kaɗai.

Warware naɗin a fili mai tsabta, a hankali, mutum ɗaya yana taka bakin, ɗaya yana mirgina shi gaba. Ba sai ya miƙe sak ba. Ka sani jan ƙarfe yana ƙara tauri duk lokacin da aka lanƙwasa shi, saboda haka kada ka yi ta lanƙwasawa kana miƙarwa a wuri ɗaya.

Toshe baki ɗaya da guntun itace ka naɗe da salatif. Ɗaga ɗaya bakin sama, daga kan bene ko reshen bishiya, ka riƙa zuba yashi da mazurari kaɗan-kaɗan, abokin aikinka yana bin jikin bututun yana ƙwanƙwasawa da sanda. Za ka ji amon yana canjawa: inda babu yashi yana ƙara siririya, inda ya cika sai ya koma dum-dum. Bi shi taku-taku har ƙarshe. Duk inda aka bar rami, nan zai lotse in an zo naɗi. Yashin kuma dole ya bushe ƙayau, a shanya shi yini guda ko a soya a tukunya, domin mai danshi yana shiga amma ba ya fita. Idan ya cika, toshe ɗaya bakin.

Samo abin naɗi mai faɗin kusan santimita 40. Ƙaramar ganga mai lita 60 tana yi, gungumen itace mai santsi ma yana yi. Bar santimita 70 a miƙe a farko, sannan ka fara zagayawa, kana jan bututun kana danna shi da tafin hannu a jikin abin, ba da gwiwa ko guduma ba. Za ka samu zagaye 10, ka bar wani santimita 70 a ƙarshe. Zare abin naɗin, ka buɗa tsakanin zagayen har kowanne ya bar tazarar kaurin yatsa. Tsayin naɗin duka zai zo wajen santimita 30. Idan abin da kake da shi tukunyar gas ce mai kilo 12.5, ita ma tana yi, sai dai naɗin zai fi tsukewa, zagaye kamar 14, ka rage tazarar kaɗan don ya shiga.

Cire tosheshen, ka juya naɗin kana bubbugawa har yashin ya zube, sannan ka bi da ruwa mai ƙarfi. Gwada shi tun yanzu: sa tiyo a baki ɗaya ka ga ko ruwa yana fita da cikakken ƙarfi. Idan wani wuri ya lotse har ya shafe, kada ka yanke ka liƙa da dalma. Dalma tana narkewa da zafin da bai kai digiri 250 ba, wutar itace kuwa ta ninka haka. Yanke daga wurin ka yi amfani da dogon ɓangaren, ko da zagayen sun ragu.

5. ZAUNAR DA NAƊIN A CIKIN GANGA

A yi walda da guntayen rodi uku a cikin bangon ganga a tsayin santimita 48, su miƙo ciki kamar santimita 12. A kan kowanne a tsayar da sanda mai tsayin 32. Duk waldar nan a gama ta kafin bututun ya shiga. Huda rami biyu a bayan ganga, nesa da ƙofa: ɗaya a tsayin 49, ɗaya a tsayin 79, kowanne ya ɗan fi bututun faɗi. Saka naɗin ta sama, ka zura wutsiyoyinsa ta ramukan, sannan ka ɗaure kowane zagaye a jikin sandunan da wayar jan ƙarfe. Inda bututun ya ratsa bango ka cusa yumɓu, kada kaifin ganga ya riƙa cin sa.

Duba naɗin daga gefe. Dole ya riƙa hawa daga ƙasa zuwa sama ba tare da wani zagaye ya sunkuya ba. Inda ya sunkuya, iska za ta maƙale, wurin ya bushe, ya ƙone.

Yanzu ɗora farantin nan mai faɗin 42 a kan sandunan, ya rufe saman naɗin. Mutane da yawa suna tsallake wannan, sai wutar ta bi tsakiya ta fice ta bututun hayaƙi ba ta taɓa jan ƙarfen ba. Da farantin, harshen wuta yana hawa ya tarar da rufi, dole ya ratsa tsakanin zagayen ya fita gefe kafin ya samu hanyar sama. A ganina wannan guntun ƙarfen ya fi ƙarin mita biyar na bututu amfani. Ka tabbata akwai tazarar santimita 7 zuwa 8 tsakaninsa da murfi.

6. MURFI, BUTUTUN HAYAƘI DA RUFIN WAJE

A haɗa bututun hayaƙi da murfin da walda, a sa wa murfin kunnuwa uku da zai zauna a bakin ganga. Kada a like shi dindindin, za ka riƙa buɗewa don shara. Liƙe zagayen bakin da yumɓu. Ɗaure bututun hayaƙin da waya ta ɓangare uku saboda iska, ka sa masa raga a kai ta tare tartsatsi. Ka guji bututu mai farin rufin zinki a duk inda wuta za ta taɓa, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Zagaye gangar da bulon ƙasa, ka bar ƙofofi, ka cika tsakani da toka ko busasshiyar ƙasa. Itacenka zai yi auki, kuma yaron da ya jingina ba zai ƙone ba.

7. HAƊA RUWA

Ruwan sanyi yana shiga ta bakin ƙasa, mai ɗumi ya fita ta bakin sama. Kada ka juya.

Jerin ɓangaren shiga shi ne: tiyo daga kwami da raga a bakinsa, sai famfo, sai mahaɗar T ta farko, sai bawul mai hana komawa baya, sai T ta biyu, sai bakin bututun ƙasa. Daga T ta farko ka ja tiyo mai bawul ya koma kwami kai tsaye. Da wannan bawul ɗin za ka daidaita ƙarfin ruwa idan famfon ya yi wa bututun yawa, musamman in mai rabin doki ne. T ta biyu kuwa ka haɗa ta da tankin sama na gida, da nata bawul a rufe. Wannan ita ce hanyar ceto: famfo na tsayawa, ka buɗe, ruwan tanki ya gangaro da kansa ya bi naɗin.

Ɓangaren fita ba a sa masa komai. Babu bawul, babu famfon rufewa, babu lanƙwasar da za ta iya shaƙe shi. Na taɓa zuwa wani gida inda mai aikin famfo ya sa bawul a nan wai don a riƙa rage ruwa ya fi zafi. Wani ya rufe shi da niyyar gyara tiyo, kafin minti biyu tiyon ya fashe a bakin ƙarfe, tafasasshen ruwa ya watsu har bango. Allah ya kiyaye babu kowa a kusa.

Tiyon ya kama jan ƙarfen a ƙarshen wutsiyar nan mai santimita 70, nesa da zafin ganga, da kilif biyu-biyu. Farin bututun roba na PVC yana laushi daga wajen digiri 60, don haka kada ka sa shi a mita biyun farko na fita. Koren bututun PPR na ruwan zafi ko tiyon lagireto na mota sun fi. Ɗaure ƙarshen tiyon da ƙarfi a bakin kwami, yana kallon ƙasa, ɗan sama da ruwa yadda daga inda kake zaune za ka riƙa ganin zubarsa kana jin ƙararsa. Nisanta shi da inda famfo ke zuƙa.

Dalilin da ya sa na fi son famfon batir: wutar gari tana ɗaukewa ba sallama, kuma bolt 12 ba ya kisa a bakin ruwa. Batir mai 100Ah da ya cika yana riƙe ƙaramin famfo na tsawon aikin yini. Idan na wutar gida za ka sa, sai ta hanyar na'ura mai 30mA da ke katse wuta da kanta idan wutar ta zurara, soket a busasshen wuri sama da ƙasa, janareta a shirye, kuma kowa ya fita daga ruwa muddin yana aiki.

8. GWAJI DA WUTAR FARKO

Kunna famfo ba wuta, ka bar shi minti 15. Bi kowace mahaɗa da busasshen hannu. Sannan tara jarka mai lita 20 a bakin fita ka duba agogo. Idan ta cika cikin daƙiƙa 60 zuwa 100, ka dace. In ta wuce minti biyu, ruwan ya yi kaɗan, nemo inda ya shaƙe.

Famfo yana aiki, hura ƙaramar wuta. A mintocin farko za ka ji ɗigo yana faɗa wa garwashi yana cuu, in ka leƙa ka ga baƙin ruwa yana tsattsafowa a jikin naɗin. Kada hankalinka ya tashi, ba yoyo ba ne. Danshin hayaƙi ne yake taruwa a jikin bututu mai sanyi, zai ragu idan wuta ta kankama. Ƙara itace kaɗan-kaɗan, guda uku ko huɗu masu kaurin damtse a lokaci guda, ka rufe ƙofa, ka bar ta iska a buɗe. Wuta mai haske da hayaƙi kaɗan ake so. Baƙin hayaƙi mai kauri alama ce ta ɗanyen itace, ko an cusa da yawa, ko iska ta gaza.

Auna ruwan kwami, ka auna na bakin fita. Bambancin digiri 7 zuwa 12 shi ne daidai. A nan sabon shiga yake ruɗewa: ya taɓa ruwan ya ji ɗumi-ɗumi kawai, sai ya ce murhu ba ya aiki, ya rage gudun ruwa don ya fito da zafi. Kuskure ne. Ruwa mai yawa da ɗumi kaɗan ya fi kwashe zafi daga wuta a kan ɗigon tafasasshe. Yi lissafin da kanka: jarkar da ta cika a daƙiƙa 80 tana nufin lita 900 a awa, sau digiri 9, sau 1.16, ya ba ka wat 9,400. Wannan aiki ne mai kyau. Kada ruwan fita ya haura digiri 45. A digiri 60 fata tana ƙonewa cikin 'yan daƙiƙu, ta yaro kuma ta fi saurin ƙuna.

Ruwan ɗumi yana tsayawa a sama, don haka ka riƙa juya kwamin da sanda ko bokiti kafin ka auna. Digiri 26 zuwa 28 ya ishi babba, ƙananan yara a kai musu 29 ko 30.

IDAN RUWA YA TSAYA WUTA NA CI

Za ka fara jin ƙwas-ƙwas a cikin ganga, tiyon fita yana tsalle yana tofar da ruwa. Kori kowa daga wajen tiyon. Idan yanzu-yanzu abin ya faru, buɗe bawul ɗin tankin sama. Rufe ƙofar iska, ka kwashe itacen da shebur ka zuba a kan yashi. Idan kuwa an ɗau mintoci ba a lura ba har naɗin ya bushe, kada ka tura masa ruwan sanyi, zai koma tururi nan take ya harbo. Kwashe wutar, ka bar shi ya huce da kansa, sannan ka gwada shi ba wuta ka ga ko ya tsage. Shebur, bokitin yashi da bokitin ruwa su kasance a gefe kullum, kuma babban mutum ya zauna a wurin tun daga kunnawa har mutuwar garwashi. Ba aikin da za a bar wa yaro ko a tafi masallaci a bari ba ne.

9. KASHEWA DA RUFE KWAMI

Daina sa itace awa guda kafin lokacin da kake son tsayawa. Famfo ya ci gaba har garwashi ya mutu, ruwan fita ya yi daidai da na shiga. Shi ne farkon kunnawa, shi ne ƙarshen kashewa.

Sai murfi. Yawancin zafin da kwami ke asara ta sama yake fita, busasshiyar iska tana shan ruwan tana tafiya da ɗuminsa, yadda randa ke sanyaya ruwa. Kwamin da aka bari a buɗe a daren hunturu yana iya zubar da rabin abin da ka tara ko fiye. Shimfiɗa ledar a kan ruwan kanta, tana taɓa shi, har lokacin da ake hura wutar ma. Idan kwamin na tamfol ne, sa katifar soso ko kwali a ƙarƙashinsa tun wajen kafawa. Amma leda a kan ruwa tarko ce ga ƙaramin yaro: a cire tsani, a kulle hanyar wurin, kuma a yaye ta gaba ɗaya kafin kowa ya shiga.

ITACE DA KULAWA

Busasshen reshen darbejiya, mangwaro ko turare da aka sassabe, guntayen katako daga masu yanka, totuwar masara, duk suna yi. Ƙirya da marke sun fi riƙe wuta, amma masu gawayi sun riga sun yi musu illa a dazuzzukanmu, ban ga dalilin ƙona su don wanka ba. Taya, leda, roba, katako mai fenti ko wanda aka yi wa maganin gara, kada su shiga.

Bayan kowace ƙuna biyu ko uku, ɗaga murfi da faranti ka goge naɗin da burushi. Kunkunniya ko siririya ce tana tare zafi, za ka ga bambancin digirin ya faɗi. Kwashe toka kafin ta taɓo raga.

Kulorin mai yawa da ruwa mai tsami suna cin jan ƙarfe, su sa ruwa ya yi kore, su ɓata tamfol. Sayi takardar gwaji ka riƙe pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.8. Kada ka sa ƙwayar kulorin kusa da inda famfo ke zuƙa, ka zuba magani bayan an kashe murhu. Idan za a kwana biyu ba a yi aiki da shi ba, cire tiyon ƙasa ruwan ciki ya tsiyaye. Masu kiwon tarwaɗa kuma, kada ku ɗauki wannan tsarin ku kai wa kifi, jan ƙarfe guba ne gare su, musamman 'ya'yan.

IDAN WANI ABU YA GAGARA

Babu ganga: gina ɗakin wutar da jan bulo da yumɓu a kan awon nan, ka rufe da farantin ƙarfe. Ya ma fi daɗewa.

Babu jan ƙarfe: bututun sitenles mai lanƙwasuwa na ruwan zafi ya fi jure kulorin. Baƙin bututun ƙarfe da aka yi wa walda yana aiki, sai dai tsatsa za ta rina ruwan. Tsohon lagireton mota kada ka gwada, yana da dalma ko roba a jiki da ragowar sinadari a ciki.

Babu inci 5/8 sai rabin inci: yi naɗi biyu gajeru, ɗaya cikin ɗaya, ka raba musu ruwa a waje, kowanne da tiyon fitarsa don ka ga duka suna zuba.

Babu famfo: ruwan zafi yana hawa da kansa, amma sai an cika sharuɗɗa. A haƙa rami a saukar da murhun har saman naɗin ya kasance ƙasa da saman ruwan kwami da aƙalla rabin mita. Bututun ya zama mai faɗi, inci ɗaya, gajere, zagaye huɗu ko biyar. A cire bawul mai hana komawa baya, tiyon shiga ya fito daga gindin kwami, na fita ya riƙa hawa ba sunkuyawa har ya shiga kwamin ƙasa da saman ruwa kaɗan. Wutar ta zama ƙarama. Yana da jinkiri, ruwan kuma yana fitowa da zafi sosai, don haka babu mai shiga kwamin sai an kashe wuta an juya ruwan.